Hanyar da Innarku ta Zaɓa

Isufu da Balkisa, wannan babi naku ne ku biyu, ko da yake ban hana ƙannenku da ɗiyanku su karanta ba. Tun da Innarku ta rasu ban ƙara ganinku zaune bisa tabarma guda ba. In ɗayanku ya zo Filinge ran salla, ɗayan sai bayan salla. In kun haɗu wurin suna ko gaisuwar mutuwa, kuna gaisawa awa maƙwabtan da sunka yi shari'ar iyakar gona. Ba ku taɓa gaya mini dalili ba, ni kuma ban tambaya ba, don na san shi. Biyen jirgi ne, wato tikitin jirgin sama. Kai Isufu kana riƙe da cewa da an jira jirgin da ke zuwa Yamai kai tsaye, da tafiya ba ta cinye sauran ƙarfin uwarku ba. Ke Balkisa, ke kinka yanki biyen da ya bi da mu ta Kazablanka, kuma tun ranar kike ɗauke da wannan magana bisa kanki. Dukanku kuna Yamai sa'ad da abin ya faru, ta waya kunka ji shi. Ni ina wurin. Na sha gwada faɗa muku da baki, na kasa. Shi ya sa na zauna in rubuta, tun idona na ganin layi.

A shekarar ban daɗe da aje aikin lakwal, koyarwa a makarantar boko, ba. Ruwa ya sauka da wuri, mutanen ƙasarmu ta Kurfai sun yi shuka da murna, Innarku Rakiya ma ta shuka gujiya da yakuwa a 'yar gonarta ta bayan gari kamar yadda ta saba. Kun san gidanmu yadda yake a lokacinta. Kowace ran kasuwa dangin ƙauye na sauka da jakunansu, yaran karkara da ke karatu a gari suna kwana a zaure, ga awaki, ga mata masu zuwa awon man gujiya. Tun asuba muryarta ke tashi, tana kiran wannan, tana korar wancan, tana tambayar wa ya bar randa buɗe. Muryar nan ce ta fara raguwa kafin jikin. Wata rana na dawo daga masallaci na iske turmi kwance, ita kuma zaune bisa shi riƙe da gefen cikinta. Na ce lafiya? Ta ce gajiyar noma ce. Da noman farko ya wuce zanenta ya fara yi mata yawa, idanunta sunka yi ɗorawa. Kai Isufu, da yake aikin jinya kake yi, kallo guda ka yi mata ka sa ta cikin mota zuwa Yamai. Can anka ce ciwon daji ne a hanta, kuma in akwai abin da ya rage a yi, sai a ƙasar waje. Ku biyu kunka haɗa kai a lokacin, kunka shirya kome, har munka samu kanmu a Tunis, ni da matar da ba ta taɓa wuce Yamai ba.

Ba zan daɗe kan zamanmu na asibiti ba. Sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sun kuma girmama mu. Abu guda kawai ya kamata ku sani daga can. A ɗakin da ke daura da namu akwai wani dattijo ɗan ƙasarmu, tare da matarsa. Innarku da matar nan sun saba, suna raba shayi, suna ƙorafin abincin da ba yaji. Dattijon ya rasu muna can. Munka ga yadda matar ta yi kwanaki zaune bisa benci tana jiran takardu, mijinta na cikin ɗakin sanyi. Daga baya anka sa shi akwati anka rufe da ƙusa, anka auna shi awa buhun hatsi, anka sa shi ƙarƙashin jirgi tare da kayan mutane. Ran da matar ta zo bankwana, Innarku ta riƙe hannunta. Bayan ta fita sai ta juyo wurina.

"Mushe," ta ce, don da wannan suna na malamin lakwal take kirana tun muna amarya da ango, "ni dai kar a auna ni."

Na ce ta bar irin wannan magana. Ba ta ƙara ba.

Ba a daɗe ba likitar da ke duba ta, wata mace mai furfura, ta kira ni biro, wato ofishinta. Ta rufe ƙofa, ta zauna kusa da ni, ta bar kujerarta ta bayan tebur. Da na ga haka na san abin da za ta faɗa. Ta ce sun duba, ciwon ya riga su. Ta ce abin da ya fi shi ne in kai matata gida, cikin mutanenta. Na tambaye ta saura nawa. Ta buɗe hannuwa ta ce wannan ba a hannunta yake ba, yana iya zama wata, yana iya zama abin da bai kai haka ba ko kusa. Na wanke fuska a famfo kafin in koma ɗaki, na shirya abin da zan ce, wai an canza magani, za mu ci gaba da shi a gida. Ban kai ga buɗe baki ba.

"Aje wannan huskar," in ji Innarku. "Da ita kake zuwa in yaro ya faɗi jarrabawa kana neman yadda za ka gaya wa ubanshi. Yaushe za mu tahi?"

A nan maganar hanya ta taso. Ke Balkisa kinka bincika, kinka kira ni da abin da kinka samo. Jirgin da ke tashi daga Tunis ya sauka Yamai kai tsaye ba kullum yake tashi ba, kuma lokacin komawar 'yan makaranta ne, ya cika maƙil. Ba wuri sai cikin mako mai zuwa, can ƙarshensa. Ɗayar hanyar kuwa wanshekare ce da safe, amma sai an bi ta Kazablanka, a sauka, a yini cur ana jiran wani jirgin. Na koma wurin likita na tambaye ta. Ta ce in don jiki ne, kai tsaye ya fi: zama kaɗan, ɗauka da saukewa sau guda, kafin maganin zafi ya sake ta an isa. Sai ta ƙara da cewa amma ba ta iya yi mini alkawarin mako mai zuwa. Ta ba ni shawara biyu masu karo da juna cikin numfashi guda, kuma na ga a idonta cewa ba ta da ta uku.

Da maraice kunka kira tare, na buɗe muryar waya na aje ta bisa gado. Ina jin ku har yau. Kai Isufu ka yi magana irin ta wanda ya san aikinsa. Ka ce yini guda bisa kujera cikin sanyin na'ura, ba gado, ba ƙarin ruwa, ba mai yi mata allura in zafi ya tashi, wannan kisa ne. Ka ce ka ga irinsa da idonka, marar lafiya ya iso a sume. Ke Balkisa kinka ce to in an jira, wa ke da tabbacin kwanakin? Murya ta fara hawa. Ka ce mata ba ta san kome ba a harkar jinya, ta tsaya ga takardunta na biro. Ta ce maka kai ciwo ka sani, ba ka san Inna ba. Ni ina tsakiya, kowa ya faɗi tasa sai in ji ita ce gaskiya. A ƙarshe ka ce:

"Baba, hanyar lahiya a bi ta da shekara."

Innarku na kwance ido rufe, mun ɗauka barci take. Sai ta miƙa hannu ta jawo wayar kusa da bakinta.

"Mai shekara ka faɗin haka," ta ce. "Ni ba ni da ita."

Ta huta kaɗan sannan ta ci gaba, a hankali, tana tsayawa tana jan numfashi. Da kai Isufu ta fara.

"Babba, na ji ka, kuma gaskiya ka faɗi. Za ni wahala, na sani. Amma jikin nan ni ke ciki. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubo mishi. Gara in wahala zaune in ga Hilinge da in huta kwance a kai ni cikin akwati. Balkisa, yanki na gobe."

Ke Balkisa kinka ce, cikin kuka, "Inna, ko dai a bi ta Yaya?" Ina so Isufu ya karanta wannan layin sau biyu, don a lokacin ya riga ya kashe wayarsa, bai ji ba. Ƙanwarka ta ja da baya, ta nemi a bi taka. Uwarku ce ta ce mata, "Ni na haife ki ko ke kinka haife ni?" Da haka anka yanki biyen. Bayan an kashe waya na zauna bakin gado na ce mata ni ma zuciyata ta fi kwanciya da jira. Ta ce ta sani, ni mutumin jira ne, da ba don ita ba da har yanzu ina jiran izinin ubanta. Ban ƙara gardama ba.

Tashin farko bai yi mata wuya sosai ba. Da hantsi munka sauka Kazablanka. Wata ma'aikaciya ta tura ta cikin keken marasa lafiya, ta bi da mu ta dogayen hanyoyi masu santsi, ta aje mu kusa da wata babbar taga inda ake ganin jirage suna tashi suna sauka, ta ce za ta dawo in lokaci ya yi. Sanyi kuwa kamar yadda ka faɗa, Isufu, har cikin ƙashi. Na tuɓe babbar rigata na lulluɓa mata, na zauna da 'yar ciki. Mutane na ta wucewa, farare da baƙaƙe, kowa na jan akwatinsa, ba wanda ya dube mu. Na sayo shayi na riƙa ba ta da cokali. Kallabinta ya zame, ta kasa ɗaga hannu ta gyara, na tashi na ɗaura mata. Ta dubi kanta cikin gilashin taga ta ce na ɗaure ta awa damen hatsi. Munka yi dariya har ta riƙe ciki. Sai ta waiwaya dama da hagu ta ce:

"Mushe, ka lura? Ba wanda ke kirana."

Na ce mi take nufi.

"Tun da ka kawo ni gidanka, ka taɓa ganin mun zauna mu biyu da rana tsaka, ba baƙo, ba yaro, ba tukunya bisa wuta? A asibiti ma ba a barin mutum, wannan ta shigo da allura, waccan da awo. Yau ga mu."

Gaskiya ta faɗi. Mun tsufa tare, amma yini guda ba mu taɓa samu namu na kanmu ba sai a wannan wuri na baƙi. Ta yi ta magana, fiye da duk abin da na ji daga bakinta tun farkon ciwon. Ta tuna mini ran da na fara zuwa ƙauyensu, can gaba da Tabla, ina sabon malami, an aiko ni rubuta yaran da za a sa lakwal. Iyaye sun ɓoye ɗiyansu cikin rumbuna, ni kuma ina yawo da guntun wando da takalmin da ya cika da rairayi. Ita tana daka a ƙofar gida, ta ce da ƙawarta da ƙarfi don in ji, "Wanga ko bai da kuɗin cika wandonshi?" Ta tuna yadda ubana, malamin allo, ya ƙi batun aurenmu don gidansu masu riƙe da gargajiya ne, da yadda nata uban ya ƙi don ya ce ɗan lakwal ba ya iya riƙe kalmen noma. Ta ce tsofaffin nan biyu ba su taɓa yarda da juna kan kome ba sai kan ƙin aurenmu, kuma daga baya su ne sunka fi kowa zama tare ran kasuwa suna gardama bisa goro guda. Da azahar ta yi na kawo mata ɗan dutse daga wurin salla ta yi taimama, ta yi sallarta a zaune. Bayan ta shafa addu'a ta daɗe tana kallon wani jirgi da ake zuba wa kaya.

Abin da ya biyo baya shi ne wanda bakina ya kasa faɗa, Isufu, kuma dominsa na fi son rubuta wannan babi. Kai ɗan fari ne. Ka san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna ya dame ta. Ni lakwal ta cire mini wannan kunya, tun da sai na kira sunanka cikin aji kowace safiya. Ita kuwa ta riƙe ta gam. Babba take ce maka, ko "wancan", ko "yayan su Balkisa". Kana ƙarami in ka faɗi, kakarka ke ɗaga ka, ita sai ta kau da kai. Na sha ganinka tsaye bakin ɗaki kana kallo tana yi wa ƙanwarka kitso tana mata waƙa. Ba ka taɓa cewa kome ba, amma na san ka girma kana jin ƙanwarka ce tata. A gaban tagar nan ta taɓa hannuna ta ce:

"Nan akwai wanda ya san mu?"

Na ce babu.

"Ba ɗan Kurfai ko guda?"

Na duba na ce ban ga ko guda ba.

"To bari in faɗi sunan ɗana."

Ta gyara zama, ta lashi leɓe, ta ce, "Isufu." A hankali ta faɗa, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ajiya. Ta sake faɗa. Ta ce, "Ashe haka yake a baki." Sai hawaye. Ta ce lokacin da ka yi ƙyanda kana goye, da kowa ya fid da rai, ita ce ke tashi ta karɓe ka daga hannun kakarka in ido ya ɗauke, ta sa ka cikin zanenta, ta mayar kafin a gani. Ta ce ran da ka ci jarrabawar aikin jinya, da mata sunka zo barka ta ce musu "ai ɗanku ne," bayan sun tafi ta shiga garken awaki ta yi guɗa ita kaɗai, har awakin sunka firgita. Ta ce:

"Jiya da shina faɗa cikin waya, ka ji muryarshi? Tsoro ne. Tun shina yaro in ya ji tsoro faɗa yake. Shi yana so in daɗe, ita tana so in iso. Wa zan ce bai so na?"

Na ce in ta isa sai ta gaya maka da bakinta. Ta girgiza kai ta ce a Filinge ba ta iyawa, ko za a yanka ta. Ta ce ni in faɗa maka wata rana, in na ga kana bukata.

Ba zan ɓoye muku sauran yinin ba, don in na ɓoye na zalunci Isufu. Da la'asar ta yi maganin zafi ya fara sakinta. Na ba ta ƙwayar da likita ta haɗo mu da ita, ta amayar. Zufa ta karyo mata cikin sanyin nan, leɓunanta sunka bushe, ƙafafunta sunka kumbura har takalmi ya ƙi fita. Ana cikin haka anka sanar cewa jirginmu zai yi jinkiri. Ta daina magana, sai nishi. Na tsaya a kanta ban san abin yi ba, na riƙa jin muryarka cikin kunnena, kome ka faɗa ga shi yana faruwa ɗaya bayan ɗaya. A ranar na ce a raina mun yi kuskure, a nan za ta tafi, bisa keke, tsakanin garin da munka baro da garin da ba mu kai ba.

Allah ya kawo mana wata Hajiya Bazabarma, 'yar kasuwa mai komawa Yamai da kayanta. Ta ji nishin da Hausa, ta tsaya ta ce, "Fofo, Baba. 'Yan gida ne?" Ba ta jira amsa ba ta shimfiɗa zannuwanta sababbi a ƙasa, waɗanda ta sayo don sayarwa, munka kwantar da Innarku bisa su. Ta ɗora ƙafafunta bisa cinyarta tana murzawa da man kaɗe, tana cewa da harshensu Allah shi sawwaƙe. Ta jiƙa gefen gyale tana ɗiga mata ruwa a baki, har ta samu ƙwaya ta zauna. Da zafin ya ɗan lafa sai Hajiyar ta ja ni gefe.

"Baba, ni hanyar nan na san ta. Ko kuna da takardar likita, in sunka gan ta haka bakin ƙofa suna iya hana ta shiga."

Innarku ta ji. Ta buɗe ido ta ce a tada ta. Ta ce da Hajiya, "Ɗiyata, kina da kwalli?" Hajiya ta sa mata kwalli, ta shafa mata mai a fuska, ta kwance ɗaurina ta yi mata ɗauri na gaske. Da anka kira jirginmu, ma'aikaciyar nan ta dawo ta tura ta har bakin ƙofa. Wani jami'i ya karɓi takardunmu, ya dubi takardar likita, ya dubi Innarku, ya daɗe yana dubanta. Ya sunkuya ya tambaye ta da Faransanci ko tana jin za ta iya tafiya. Na buɗe baki in amsa a madadinta, sai na ji ta miƙe wuya ta ce:

"Sa ba tare biyan, mersi. E bu?"

Mutumin ya yi dariya ya ce shi ma lafiya lau, ya ba mu hanya. Ni kuwa na saki baki. Matar da ba ta taɓa zama aji ba, ba ta taɓa furta kalmar Faransanci gabana ba. Da munka zauna cikin jirgi na ce a ina ta koya.

"Shekara nawa ina shanya bayan tagar ajinka kana wahal da ɗiyan mutane?" ta ce. Daga nan kanta ya faɗo bisa kafaɗata. Abin da ya rage mata na ƙarfi ta kashe shi a bakin ƙofar nan, ba ta ƙara magana ba har munka sauka.

Sauran kun gani da idonku. A filin jirgin Yamai kai Isufu ka gan ta ka juya baya don kar a ga fuskarka, ka ce asibiti za a wuce da ita. Ta ɗaga yatsa ta nuna arewa. Ka sa mata ƙarin ruwa a gidanka, ta huta, gari na wayewa munka kama hanya, kai riƙe da robar ruwan, Balkisa riƙe da kanta. Bayan Baleyara ta sa anka sauke gilashi. Hatsi ya fid da kai ko'ina, dama da hagu, ya fi mutum tsawo, mata na tafe bakin hanya da ƙwarya bisa kai. Ta riƙa shaƙar iskar nan ido rufe. Da munka shiga Filinge ran kasuwa ce, kafin a sauke ta gida ya cika. Wanta Arzika, wanda ya gaji gidan ubansu da abin da ke cikinsa na gargajiya, ya taso daga ƙauye da zangarniyar sabon hatsi daga gonar gado. Ya gasa mata tumu da hannunsa a bakin ɗaki. Ba ta iya ci ba. Ya murza cikin tafinsa ya kai mata ga hanci, ta shaƙa, ta kira shi da sunan da take kiransa suna yara. Tsohon nan da ban taɓa ganin hawayensa ba ya fita bayan gida ya daɗe bai dawo ba. Ƙawayenta na kasuwa sun zo, yaran da sunka yi karatu a zaurenmu sun zo da nasu yaran, ta yafe wa kowa, kowa ya yafe mata.

Ta rasu kafin ranar da jirgin kai tsaye zai tashi daga Tunis. Wannan gaskiya guda ita kowanenku ya ɗauka ya yi makami da ita. Isufu ya ce ga shi nan, hanya ce ta gaggauta ta. Balkisa ta ce ga shi nan, da an jira da can za ta mutu. Na juya maganar nan a raina shekara da shekaru, na tambayi masu ilimin jinya, na tambayi malamai, ban samu wanda ya sani ba. Yana yiwuwa da mun jira ta ƙara wata guda bisa gadon asibiti. Yana yiwuwa kuma da ni ne zaune bisa bencin nan ina jiran takardu. Abin da na sani shi ne an gaya mata farashin hanyar, ta ji, ta ce a ba ta, kuma ta biya da jikinta ba ta yi ƙorafi ba ko sau guda. Mata sunka yi mata wanka a ɗakinta, anka ɗauke ta bisa kafaɗun mutanen da sunka san ta.

Safiyar ranar da za ta rasu, kuna tune, ta yi nuni da hannu tana son a fid da ita tsakar gida. Akwai maza cike da zaure, amma ku biyu kunka riga kowa. Kai ka kama katifa ta wajen kai, ke ta wajen ƙafa. Ƙofar ɗakin ƙarama ce, kunka maƙale. Ka ce ta ɗaga nata gefen, ta ce kai za ka sauke naka. Ka ce ta juya dama, ta ce damarka ko damarta. Kuna ta yi, katifa na karkata, ni ina baya ina cewa a hankali. Sai na ga kafaɗun Innarku na motsi, na tsorata, na sunkuya. Dariya take, marar sauti. Ta dubi wanda ke sama da kanta, ta dubi wadda ke wajen ƙafafunta, ta tattara abin da ya rage mata na murya.

"Ku dai riƙe tare," ta ce, "kar ku yar da ni."

Ita ce magana ta ƙarshe da na ji sarai daga bakinta. Kuma ba ni ta gaya wa ba.